Dalilin Huda Tsofaffin Katunan 'Yan Wasan Besbol A Amurka

A ƙasar Amurka akwai mutane da yawa waɗanda sha'awarsu, ko ma sana'arsu, ita ce tara waɗansu 'yan katuna na kwali, ko wanne da hoton wani ɗan wasa a gabansa, da ɗan labarinsa a baya. Ba katunan karta ba ne. Yawancinsu ba su kai tafin hannu girma ba, amma a cikinsu akwai waɗanda suka shekara ɗari da ɗoriya, akwai kuma waɗanda a ke saye da kuɗin da za su gina unguwa guda. In mutum ya zauna yana duba tsofaffin, ba zai daɗe ba sai ya ci karo da wanda aka huda. Wani huji ɗaya gare shi a sama, wani biyu a gefe, wani kuwa jerin huji ne a jikinsa. Mai gani ya kan ce, wane ne ya ɓata wannan abu mai daraja haka? To, Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Ko wane huji da dalilinsa, wanda kuwa ya bi sawun dalilan nan zai san yadda 'yan kasuwa da yara suka yi ciniki da juna a wancan zamani, da wanda ya ci riba, da wanda aka ƙwara.

Wasan Kansa

Kafin mu shiga zancen huji, ya kamata mai karatu ya san ko wane irin wasa ne besbol. Ƙungiya biyu ke karawa, ko wacce da mutum tara a fili. Ɗaya daga wannan ƙungiya ya jefo wata 'yar ƙwallo mai tauri, ɗaya daga waccan ya tare ta da kulki ya maka mata. In ya same ta sai ya yar da kulkin ya sheƙa da gudu, yana neman ya zagaya waɗansu matsayai huɗu da aka shirya a filin, ya komo inda ya tashi. Abokan karawa kuwa suna ƙoƙarin su cafe ƙwallon, su riga shi kai ta matsayin da ya nufa. Saboda taurin ƙwallon nan, ko wane mai cafewa ya kan sa wata babbar safar hannu ta fata. A riƙe zancen safar nan, don za mu komo kanta.

Cikin shekarar 1869 aka sami ƙungiyar farko wadda a ke biyan dukan 'yan wasanta albashi, a birnin Cincinnati. Cikin 1876 manyan ƙungiyoyi suka haɗu suka kafa tarayyar da a ke kira National League, cikin 1901 kuma wata ta biyu, American League, ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da ita. Daga wannan shekara har 1960 ko wace tarayya ƙungiya takwas gare ta, watau goma sha shida ke nan duka. Yaran Amurka na lokacin sun san sunayen 'yan wasan nan kamar yadda suka san na 'yan gidansu, alhali kuwa yawancinsu ba su taɓa ganinsu da ido ba. Saboda haka hoton ɗan wasa babban abu ne a hannun yaro.

Asalin Katunan

Masu sayar da taba sigari ne suka fara gane amfanin wannan sha'awa sosai. A da kwalin sigari ba shi da ƙwari, in aka sa shi a aljihu sai karan tabar su kakkarye. Sai suka riƙa sa ɗan kati mai kauri a ciki don ya tallafe shi. Da suka ga katin nan fili ne a banza, sai suka shiga buga hotuna a kansa, na tsuntsaye, da tutocin ƙasashe, da 'yan wasan kwaikwayo, da 'yan besbol. Tun wajen 1886 kamfanoni irin su Goodwin na New York da Allen & Ginter na Richmond suka soma wannan. Tsakanin 1909 da 1911 babban kamfanin taba na American Tobacco Company ya fitar da wani jeri mai hotuna fiye da 500, wanda har yau ba a daina maganarsa ba. Manya ke sayen tabar, amma yara ke tsayawa a ƙofar kanti suna roƙon katin.

Da masu yin alewa da cingam suka lura yara ne masu son abin, sai suka ce to, me zai hana mu sayar musu kai tsaye? Daga nan kati ya koma cikin ƙunshin alewa. Cikin 1914 da 1915 an sa shi a kwalin gugguru mai zaƙi na Cracker Jack. Cikin 1933 kamfanin cingam na Goudey, a birnin Boston, ya fitar da nasa jerin, ko wane ƙunshi da cingam da kati a kan sent ɗaya, watau kashi ɗaya cikin ɗari na dala.

Sai a tuna ko wane irin lokaci ne wannan. Cikin 1929 kasuwa ta faɗi a Amurka, bankuna suka karye, masana'antu suka rufe. Zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin ko wane huɗu masu neman aiki ba shi da aikin yi. Uban da ya ke fama da abin da za a ci a gida ba zai saya wa ɗansa safar hannu ta fata ba, ba zai kuwa biya masa kuɗin shiga kallon wasa ba. Iyakar abin da yaro zai samu shi ne sent ɗaya ko biyu, jifa-jifa. Kamfanonin alewa kuwa suna da yawa, ko wanne yana neman sent ɗin nan ya faɗo aljihunsa. Dabarar da waɗansu suka yi ita ce su yi wa yaro alkawarin abin da ubansa ya kasa saya masa.

Alkawarin Kyauta

Ga yadda a kan yi. Kamfani ya buga jerin katuna, ya rubuta a bayan ko wanne cewa duk wanda ya haɗa jerin cif, ba wanda ya ɓace, ya aiko ta gidan waya, za a ba shi kyauta. Wani lokaci kuma kati guda ne ke jawo kyautar. Cikin 1928 waɗansu masu yin askirim, kamar Yuengling na jihar Pennsylvania, sun raba jeri mai kati 60, suka ce wanda ya kawo hoton Babe Ruth, wanda ya fi kowa suna a wasan a zamanin, za a ba shi askirim kyauta, wanda ya kawo sittin ɗin duka kuwa a ba shi galan guda.

Amma akwai wata matsala a nan. Yaron da ya yi wata da watanni yana tara katuna, yana musaya da abokansa, yana ba da biyu don ya karɓi ɗaya, ba ya so ya rabu da su. Yana son kyautar, yana kuma son hotunansa. In kamfani ya ce zai riƙe su, yara da yawa za su ƙi aikowa, sha'awar sayen alewar kuma ta ragu. In kuwa ya mayar da su yadda suka zo, ai ka san abin da zai faru. Yaron zai sake sa su cikin ambulan ya aika da sunan ƙanensa, sa'an nan ya ara wa maƙwabcinsa, kafin a ankara jeri ɗaya ya kwashe wa unguwa guda kyauta.

Maganin wannan matsala ba sabo ba ne, ma'aikatan jirgin ƙasa sun daɗe da saninsa. Mai duba tikiti ya kan karɓi tikitin fasinja ya huda shi da wani ɗan ƙarfe mai kama da almakashi, ya mayar masa. Tikitin yana nan a hannun mai shi, yana iya nuna shi shaidar ya biya, amma ba shi da ikon sake hawa da shi gobe. Haka kuma ma'aikacin gidan waya ke buga hatimi a kan kan sarki don kada a ɓamɓare shi a liƙa wa wata wasiƙa. Masu alewa suka ɗauki wannan dabara. Akawun kamfani ya ƙidaya katunan, in ya ga sun cika sai ya huda su, ya haɗa da kyautar ya mayar wa yaro. Wannan shi ne babban dalilin hujin da a ke gani a jikin tsofaffin katuna masu alkawarin kyauta: alama ce ta cewa an riga an biya.

Katunan George C. Miller

Misalin da ya fi fitowa fili shi ne na wani kamfanin alewa na Boston mai suna George C. Miller. Cikin 1933 ya fitar da jeri mai kati 32, watau mutum biyu daga ko wace ƙungiya cikin goma sha shidan nan da muka ambata. A ciki akwai gwanaye kamar Jimmie Foxx da Lefty Grove da Dizzy Dean da Mel Ott. A bayan ko wane kati an jera sunayen talatin da biyun duka, don yaro ya san wanda ya samu da wanda ya rage masa. A ƙasa kuma ga alkawari: wanda ya haɗa jerin ya aiko, ya zaɓi ɗaya cikin abu uku, ko safar hannu ta fata, ko ƙwallo irin wadda manyan ƙungiyoyi ke wasa da ita, ko tikitin shiga kallon wasa.

Katunan da aka aika aka karɓi kyauta da su, kamfanin ya soke su ta hanya biyu. Waɗansu an datse gindinsu, an cire wurin da aka rubuta alkawarin. Waɗansu kuwa an yi musu jerin huji, ko wane huji mai kusurwa huɗu, tsini sama tsini ƙasa. Siffar nan ba ta samuwa da ƙusa ko allura, sai da ƙarfen da aka ƙera dominta. Saboda haka in mai tara katuna ya ga irin wannan huji a katin Miller, ya san hannun kamfani ne ya yi shi, ya kuma san cewa wannan kati ya taɓa tafiya Boston cikin ambulan ya komo tare da kyauta.

Katin Da Ba Ya Samuwa

Yanzu sai mu yi ɗan lissafi. Mu ƙaddara ko wace alewa sent ɗaya ce. Kati 32 sent 32 ke nan, in yaro ya yi sa'a bai sami maimai ba, ko kuwa ya musanya maimansa da abokai. Safar fata kuwa ta fi haka tsada nesa ba kusa ba. Ashe in ko wane yaro mai naci zai iya haɗa jerin, kamfani hasara zai yi. To, yaya aka yi bai karye ba?

Amsar tana wurin wani ɗan wasa mai suna Ivy Andrews, mai jifa a ƙungiyar Boston Red Sox. Shi ba gwani ba ne na a zo a gani, da ba don wannan al'amari ba da wuya a tuna da shi yau. Amma sunansa yana cikin jerin Miller, kuma katinsa ya fi sauran talatin da ɗayan wuyar samu ƙwarai da gaske. Masu binciken katuna sun haɗu a kan cewa da gangan aka buga shi kaɗan, don kyautar da za a fitar ta tsaya daidai abin da kamfani ya shirya bayarwa. Yaro ya tara talatin da ɗaya, saura ɗaya tak, ya yi ta saye yana buɗewa, kullum yana cewa yau zai fito. Ba wanda ya gaya masa cewa rabonsa da na sauran katunan ba ɗaya ba ne.

Hujin kansa ya ba da shaida a kan wannan. A cikin sauran katunan Miller da suka rage, akwai masu yawa da ba a soke ba, domin masu su ba su taɓa cika jerin ba, balle su aika. Amma 'yan katunan Andrews da suka kai zamaninmu, mafi yawansu sokakku ne. Dalili kuwa a fili ya ke: duk wanda ya yi dacen samunsa ba ya zama, nan da nan ya ke haɗa jeri ya kai gidan waya.

Ba Miller kaɗai ya yi haka ba. A wajen shekarun nan kamfanin U.S. Caramel, shi ma na Boston, ya fitar da jeri mai kati 32, yawanci 'yan besbol, da 'yan dambe uku, da 'yan wasan golf biyu. Shi ma ya yi alkawarin ƙwallo ga wanda ya haɗa jeri ɗaya, da safar hannu ga wanda ya haɗa uku. Kati mai lamba 16, na wani ɗan wasa Lindstrom, ya yi ƙaranci har masu tara katuna suka shekara hamsin da wani abu ba su ga ko ɗaya ba, suna zaton ba a taɓa buga shi ba. Sai wajen ƙarshen shekarun 1980 aka ga ɗaya ya ɓullo.

Kamfanin Goudey kuwa bai yi alkawarin kyauta a kan jerinsa na 1933 ba, amma ya yi wata dabara mai kama da wannan. Ya sa wa katunansa lamba har 240, ya tsallake lamba 106, bai sa ta cikin ko wane ƙunshi ba. Yara suka yi ta neman abin da babu. Da wasiƙun ƙara suka yi yawa, sai cikin 1934 kamfanin ya buga kati mai wannan lamba, da hoton Napoleon Lajoie, wani tsohon gwani da ya bar wasa tun 1916, ya riƙa aika wa waɗanda suka rubuto kaɗai. An kan maƙala katin a jikin wasiƙa da ɗan ƙarfen maƙala takarda, shi ya sa da yawa daga cikinsu har yau a ke ganin shatin ƙarfen a jikinsu. Waɗanda suka ɗauki alƙalami suka yi magana sun samu, waɗanda suka yi shiru kuwa jerinsu bai taɓa cika ba.

Yanka Maimakon Huji

Waɗansu kamfanoni sun bi wata hanya da ba ta bukatar a aika da katin duka. Sai su buga ɗan tikiti a gindinsa, yaro ya yanke ya aika, ya riƙe hoton. Haka katunan Zeenut suka kasance, waɗanda wani kamfanin alewa na San Francisco ya riƙa fitarwa daga 1911 har 1938, da hotunan 'yan wasan ƙungiyoyin yammacin ƙasar. Tun daga 1913 aka fara haɗa su da tikitin kyauta. Haka kuma katunan tabar tauna ta Red Man, daga 1952 zuwa 1955: wanda ya tara guntaye 50 daga gindin katunan ya aika, sai a aiko masa da hular ƙungiyar da ya ke so, irin wadda mu ke kira hana-salla. Shi ya sa yawancin katunan Zeenut da aka samu yau guntaye ne, wanda bai san labarin ba sai ya yi zaton haka aka buga su. Yankan nan da hujin Miller duk aiki ɗaya suka yi.

Sauran Hujin

Kada mai karatu ya ɗauka ko wane huji na kyauta ne. Akwai wanda aka yi tun a ma'aikata, don amfanin mai saye. Kamfanin Dixie, mai yin kofin takarda na askirim, ya kan buga hoto a cikin murfin kofin. Wanda ya tara murafe ya kai, sai a ba shi babban hoto mai launi. Yawanci 'yan wasan sinima ne, amma cikin 1937 da 1938 an sa 'yan besbol, kamar Carl Hubbell da Jimmie Foxx. Manyan hotunan nan da huji biyu suka fito a gefe, don a zura zare a ɗaure su cikin bango, su zama littafi. Wannan ya yi kama da hujin da ke tsakiyar kwabo da ɗari da anini na zamanin da, wanda tun wurin ƙira aka yi shi. Irin wannan huji ba lahani ba ne, in ma aka ga babu shi sai a yi tuhumar an datse gefen.

Akwai kuma hujin da yara suka yi da kansu, shi ne ma ya fi ko wanne yawa. Yaro ya sami hoton gwaninsa, sai ya kafe shi a bangon ɗaki da 'yar ƙusa, saitin gadonsa. Wani ya huda kusurwar katunansa duka ya zura igiya don kada su watse. Waɗansu su kan matse kati a ƙafar keke, yana bugun wayoyin ƙafar yana ƙara kamar babur. Waɗansu su kan yi wasan jifa da su a gindin bango, wanda nasa ya fi matsawa kusa ya kwashe. Ba wanda ya ɗauke su dukiya a lokacin, kayan wasa ne. Da yaƙin duniya na biyu ya zo, aka yi ta tattara tsofaffin takardu don aikin yaƙi, katuna masu yawa suka tafi a ciki. Waɗanda suka tsira kuma, sau da yawa uwa ta kan share su ta zubar bayan ɗanta ya girma ya bar gida.

Wanda ya saba ya kan bambanta hujin nan da ido. Na kamfani bakinsa sumul ya ke, siffarsa ɗaya a ko wane kati na jerin. Na ma'aikata yana gefe, a daidaice, ba ya taɓa hoton. Na ƙusa kuwa ƙarami ne, galibi a sama ta tsakiya, bakinsa a tattare, wani lokaci har da jan tsatsa kewaye da shi.

Darajarsu A Yau

Mutumin da ya fara ɗaukar katunan nan abin bincike shi ne Jefferson Burdick, wani ma'aikacin masana'antar kayan lantarki a birnin Syracuse. Cikin 1939 ya fitar da littafin da ya rarraba su iri iri, daga baya ya sa wa ko wane jeri harafi da lamba, har yau kuwa da lambobinsa a ke aiki. Jerin Miller shi ne R300 a lissafinsa. Ya ba gidan adana kayan tarihi na Metropolitan da ke New York abin da ya tara, takardu da katuna wajen 300,000. Ya yi shekaru yana jera su cikin manyan littattafai da hannunsa, yana fama da ciwon gaɓoɓi, ya gama a farkon 1963, ya rasu cikin shekarar nan.

Bayansa sai abin ya zama kasuwa. Cikin 1991 aka kafa kamfanin PSA, mai duba kati ya ba shi maki daga 1 zuwa 10 gwargwadon lafiyarsa, ya rufe shi cikin roba. Kuɗin da a ke biya kuwa sun wuce misali. Katin Honus Wagner, daga jerin taba na 1909, wanda aka daina bugawa da wuri har ya zama kamar hamsin ko sittin kaɗai aka sani, an sayar da ɗaya dala miliyan 6.6 cikin 2021. Cikin 2022 an yi gwanjon katin Mickey Mantle na 1952 a kan dala miliyan 12.6. A wannan kasuwa huji ko na allura ne ya kan jefa kati can ƙasan ma'auni, kuɗinsa su faɗi warwas. Katin Miller da aka soke bai kai wanda ba a soke ba tsada, Zeenut mai tikitinsa kuma ya fi guntu nesa.

Inda kuɗi suka yi yawa kuwa ba a rasa maguɗi. Akwai masu cike hujin ƙusa da garin takarda su shafa launi a kai, akwai masu datse gefen da ya tauye don katin ya fito kamar sabo. Wani katin Wagner da aka saya dala 451,000 cikin 1991, aka sake sayar da shi dala miliyan 2.8 cikin 2007, an daɗe ana yaba kyansa. Cikin 2013 wani babban dillalin katuna ya amsa a gaban kotu a Chicago cewa shi ya datse gefunansa tun da daɗewa. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Saboda haka masu hankali cikin masu tarawa sun fi amincewa da kati mai hujinsa a fili, don sun san abin da suka saya.

Ga mai neman tarihi kuma, hudajjen kati ya fi lafiyayye ba da labari. Lafiyayyen ya nuna hoton ɗan wasa ne kurum. Hudajjen katin Andrews kuwa ya nuna cewa cikin shekarar yunwa da rashin aiki wani ya yi naci har ya cika jerin da aka shirya don kada ya cika, ya sayi kan sarki ya aika, kamfani kuma ya cika masa alkawari. Dubban lafiyayyun katunan da suka rage ba Andrews a cikinsu su ne shaidar sauran yaran, waɗanda suka kashe 'yan kuɗinsu ba su sami kome ba sai alewar da suka sha. Ba domin hujin nan ba, da wuya a iya auna yadda rabon ya kasance.

Saboda haka in tsohuwar takarda ta faɗo hannunka, ko rasit ne, ko tikiti, ko hoto, ka ga huji ko hatimi ko yanka a jikinta, kada ka yi saurin gyara ta ko jefar da ita. Ka fara tambaya tukuna, wa ya yi wannan alama, da me ya yi ta, me kuma ya ke so ya hana ko ya tabbatar. In kuwa wani ɗan kasuwa ya ce maka tara kaza ka karɓi kyauta, ka tuna da Ivy Andrews, ka tambayi ko guda nawa aka buga na ƙarshen.